Maigidana ya ajiye maganin hawan jini tun da ya dawo daga Sin

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Maigidana ɗan kasuwa ne, harkar yadi yake yi a Kano, shekarunsa 54, kuma sau biyu a shekara yake zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin saro kaya. Shekara shida ke nan da likita ya ce yana da hawan jini, ya ɗora shi a kan ƙwayoyi iri biyu. A tafiyarsa ta ƙarshe wani abokin cinikinsa Basine ya kai shi wurin mai maganin gargajiyarsu, aka yi masa wannan na tsira allurai a jiki har sau takwas, aka haɗo shi da ƙullin saiwoyi da yake dafawa yana sha, da wata kwalbar ƙananan ƙwayoyi mai rubutun Sinanci zalla. Yau wata biyu da dawowarsa, bai ƙara taɓa maganin asibiti ba. Ya ce ciwon kai ya tafi, barci ya dawo, kumburin ƙafa ya saɓe, kuma shi ya gaji da zama bawan ƙwaya. Har ya samo wani a nan gari da ke ci gaba da yi masa allurar duk Asabar. Ran nan na lallaɓa shi ya tsaya a kemis aka gwada, aka samu 168 bisa 102, sai ya ce na'urar ce ba ta da kyau. Shanyewar ɓarin jiki ce ta yi ajalin mahaifinsa. Da na matsa, ya kai ƙarata wurin Hajiya mahaifiyarsa, ta ce in daina yi wa ɗanta fatan ciwo tunda Allah ya ba shi sauƙi. Akwai kuma wata magana da nake jin nauyin faɗa: tun kafin tafiyar lamarinmu na aure ya yi sanyi, kuma na taɓa jin ya ce ƙwayoyin ne suka jawo. Yaranmu biyar, ƙaramar ko firamare ba ta shiga ba. Ba na iya barci. Shin maganin Sin yana warkar da hawan jini da gaske, ni ce ban gane ba? In kuma ba ya yi, yaya zan dawo da shi hanya ba tare da na tayar da hankalin gidana ba?

Uwar biyar, daga Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba Alhaji lafiya, ya sanyaya miki zuciya. Bari in fara cire miki nauyin maganar Hajiya, don na san ita ce ta fi sukar ki: matar da ke kwana ido biyu tana lissafin lambobin jinin mijinta ba fatan ciwo take yi masa ba. Kin ga abin da ya faru da surukinki, kina kallon yara biyar, kuma lambar da aka samu a kemis ta isa ta hana kowace mace barci. Mutumin da jininsa ke zaune a kan 168 bisa 102 yana da hawan jinin da ke buƙatar magani, ko yana jin ciwo ko ba ya ji. Allurar Sin ba ta warkar da hawan jini, kuma ba ta tsayawa a madadin ƙwayar da ya ajiye. Amma ba na so ki ɗauki wannan jimlar ki je ki jefa masa ita, don ba za ta shiga ba. Sai mun fara fahimtar abin da ya samu a can wanda bai samu a nan ba.

Ki yi tunanin ɗakin da aka shigar da shi. Mai maganin ya ɗora yatsu uku a wuyan hannunsa na dama, ya koma na hagu, ya yi shiru yana sauraren bugun jijiya. Ya ce ya fito da harshe, ya duba launinsa. Ya tambaye shi barcinsa, da cin abincinsa, da ko yana saurin fushi, da ko kunnensa na ƙara. Sannan aka kwantar da shi, aka tsira masa allurai sirara kamar gashi a gwiwar hannu, da ƙasan gwiwar ƙafa, da tsakanin yatsun ƙafa, aka bar shi kusan rabin sa'a babu waya, babu lissafin kwantena. Babu wani ruwan magani a cikin waɗannan allurai, tsirawar ce kawai maganin. Mutumin da ya saba bin layi tun safe don ya ga likita na minti biyar, a sake rubuta masa abin da aka rubuta bara, dole ya ji an daraja shi. Kuma ilimin ba na raini ba ne. Sinawa sun haura shekara 2000 suna wannan aiki, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon al'adun duniya a 2010, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro da muke ba yaranmu yau daga wani tsiro dangin tazargade ya fito, wanda wata masaniyar kimiyya 'yar Sin mai suna Tu Youyou ta zaƙulo daga tsofaffin rubuce-rubucen maganin Sin har ta samu kyautar Nobel a 2015. Sai dai ki lura da yadda wancan ya zama magani: an tace shi, an auna shi, an gwada shi a kan dubban marasa lafiya, ya ci jarrabawa.

Ita ma allurar an yi mata irin wannan jarrabawa a kan hawan jini, kuma sakamakon a bayyane yake. A Jamus, a wani bincike da aka wallafa a 2007, an raba mutum 160 gida biyu, wasu aka yi musu allurar bisa ƙa'idarta, wasu aka tsira musu a wuraren da ba na magani ba. Bayan mako shida jinin masu allurar gaske ya sauka, lambar sama ta awon jini ta ragu da kimanin 6, ta ƙasa kuma ta ragu da kimanin 4, in aka kwatanta da ɗaya ɓangaren. Da aka daina, aka dawo aka auna su bayan wata uku, jinin ya koma inda yake. A Boston ta Amurka kuwa, a 2006, an gwada mutum 192, ba a ma samu wani bambanci tsakanin allurar gaske da ta bogi ba. A 2018 ƙungiyar Cochrane, masu tattara bincike su tace shi, suka haɗa gwaji 22 da aka yi a kan mutum 1,744, suka ce abin da ake gani ɗan sauƙi ne na sa'o'i bayan an tashi daga zaman allura, kimanin 3 a lambar sama, kuma babu shaidar cewa yana ɗorewa. To ki ɗora wannan a kan Alhaji. Kafin ya sauko ƙasa da 140 bisa 90 yana buƙatar lambar sama ta faɗi da kusan 30, ta kuma zauna a nan dare da rana, har ranakun da ba Asabar ba.

Za ki ce to me ya sa yake jin daɗin jikinsa? Ba ƙarya yake yi ba. Kumburin idon sawu sanannen hali ne na amlodipine, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da aka fi rubutawa a asibitocinmu, kuma in aka daina shan ta kumburin yakan saɓe cikin kwanaki. Idan tana cikin biyun da yake sha, to ajiye ƙwayar ne ya saɓar da ƙafar, allura ta samu yabo. Barci da ciwon kai kuwa, hutu da natsuwa suna taimaka musu, kuma ana samun masu ciwon kai da ciwon baya da allurar ke yi wa amfani. Matsalar ita ce mun taso muna cewa jiki magayi, alhali hawan jini yana cikin cututtukan da jiki ba ya gaya wa mai shi. Yana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da zuciya da ido a hankali, mutum yana kasuwarsa garau. Ina da kawu da ya yi shekara guda yana gaya mana ya warke. Da asuba aka same shi zaune a bakin rijiya da buta a gefe, yana son ya kira sunan matarsa bakin ya ƙi. Ya yi shekara huɗu a kwance kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma matar nan ita ta ɗauki dukan wahalar. Shi ya sa wasiƙarki ta tsaya mini a rai.

Akwai hujjar da nake ganin za ta fi shiga kunnen Alhaji fiye da duk binciken Turawa, tunda ya yarda da Sinawa. A ƙasar Sin kanta manya masu hawan jini sun haura miliyan 240, kuma ƙwayoyin nan da ya ajiye su ne ginshiƙin maganinsu a can. Manyan asibitocin maganin gargajiya na Sin suna da na'urar awon jini da ɗakin gwaje-gwaje, suna rubuta maganin zamani, sai su ɗora na gargajiya a kai a matsayin ƙari. In ya koma Guangzhou, ya tambayi abokan cinikinsa masu irin shekarunsa abin da suke haɗiya da safe.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne ƙullin saiwoyin da kwalbar nan. Allura in mai tsabta ce, ta hannun wanda ya iya, da wuya ta cutar. Abin sha kuwa shiga jini yake yi. Akwai wata saiwa mai zaƙi da Sinawa ke kira gancao, Larabawa su ce irƙisus, wadda ake zubawa a haɗe-haɗen maganinsu da yawa. Yawan shan ta yana sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, ya zubar da sinadarin fotasiyam, jini ya ƙara hawa. Akwai mahuang, mai sa zuciya gudu da tayar da jini, wanda Amurka ta hana sa shi a kayan ƙarin lafiya tun 2004. Akwai danshen, wanda in ya haɗu da maganin tsinka jini irin warfarin yana iya jawo zubar jini. A Beljiyam, farkon shekarun 1990, mata sama da 100 suka samu lalacewar ƙoda bayan sun sha wani haɗin rage ƙiba da aka yi kuskuren sa wani tsiro mai guba a ciki. Sannan wasu ƙwayoyin hawan jini na Sin da ake ɗauka ganye ne zalla, maganin asibiti ne a cikinsu. Zhenju Jiangya, alal misali, yana ɗauke da clonidine da hydrochlorothiazide tare da garin lu'ulu'u da fure, kuma clonidine irin maganin nan ne da in aka yanke shi farat ɗaya jini ke yin tsalle sama. Don haka kada ki ɗauke kwalbar ki jefar a ɓoye, kada kuma ki haɗa masa ita da tsohon maganinsa da kanki. Ki ɗauki hoton rubutun gaba da baya, manhajar fassara ta waya za ta fito miki da sunayen abin da ke ciki, sannan kwalbar da ƙullin su bi ku wurin likita ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna.

Yanzu maganar da kika ji nauyin faɗa. Na gode da kika faɗa, don ina kyautata zaton ita ce tushen komai. Namiji zai iya jure kumburin ƙafa shekara shida, amma wannan ba ya iya jurewa, kuma ba ya iya faɗa, sai ya nemi wata ƙofar fita da ba za ta zubar masa da girma ba. Zarginsa yana da ƙamshin gaskiya: wasu magungunan hawan jini, musamman irin su atenolol da wasu masu sa fitsari, suna iya rage wa namiji kuzari. Amma nau'o'in maganin suna da yawa, akwai waɗanda ba su cika taɓa wannan ɓangaren ba, kuma sauya su aiki ne na zama ɗaya da likita. Haka kumburin ƙafa, ana rage yawan ƙwayar ko a haɗa ta da wata da ke sassauta shi. Abin da bai sani ba shi ne hawan jinin da aka bari ba magani shi kansa yana lalata ƙananan jijiyoyin da wannan lamari ya dogara da su, wato hanyar da ya bi don ya tsira da abin ita ce za ta ƙarasa shi. Ki same shi a lokacin da ku biyu ne kaɗai, ba bayan gardama ba, ki ce masa kin san ƙwayoyin sun takura masa ta wajen da ba ya son faɗa, ke ba ki taɓa ganin gazawarsa ba, kuma kin ji ana sauya su. Ki tsaya a nan. Kada ki jira ya amsa a take. In ya yarda zai ga likita, ki bar shi ya shiga shi kaɗai a wannan gaɓar, ko ku nemi likita namiji mai shekaru. Ki kuma sa ido kada ya faɗa hannun masu tallar maganin maza a bakin hanya, don ana cusa musu sinadaran da ba a rubuta ba.

Ga yadda nake so ki juya maganar gaba ɗaya. Ki daina yaƙi da allurar. Duk ranar da kika kushe ta, kina ce masa an yaudare shi a ƙasar da yake alfahari ya san ta ciki da waje, kuma ɗan kasuwa ba ya yafe wannan. Ki ce masa kin ga yana samun barci, kin ji daɗi, ya ci gaba da zuwa Asabar ɗinsa. Abin da kike roƙo ɗaya ne, a auna. Tunda ya ce na'urar kemis ba ta da kyau, shi ya zaɓi tasa ya saya, irin wadda ake ɗaurawa a damtse, ba ta wuyan hannu ba, mai ɗamarar da ta yi daidai da kaurin hannunsa. Da safe kafin ya sha shayi ko ya ci goro, ya zauna a kujera minti biyar, bayansa a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, babu magana. A auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, a rubuta. Da dare a maimaita. Shi da ba ya karɓar dila ba tare da ya ƙirga ba, zai gane harshen littafi da biro. Ku yi alkawari tun kafin a fara: in lambobin gida suna wuce 135 bisa 85, za ku je asibiti da littafin. Kwana uku zuwa bakwai sun isa, kada awon ya zama hanyar jan lokaci, ki nemi ranar ganin likita tun yanzu. In kuwa kun ga 180 bisa 110 ko sama, kuka sake aunawa bai sauka ba, ranar za ku tafi.

Hajiya kuma uwa ce da ta binne miji da wannan ciwo, kalmar hawan jini kanta tsoro take ba ta, shi ya sa ta rungumi labarin warkewa. Kada ki je mata da hujja. Ki je gaisuwa da ɗan abin hannu, ki ce kin zo neman addu'arta ne, kina so ta sa baki ya je a duba shi don a tabbatar da sauƙin da aka samu, hankalin kowa ya kwanta. Uwa ba ta ƙin a duba ɗanta. In kin ga bakinki ya yi kaɗan, ki nemi wansa ko amininsa na kasuwa, musamman wanda shi ma yake shan magani, ko limamin da yake jin maganarsa, ya tuna masa cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani, kuma ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Abu ɗaya na hana ki, komai tsananin tsoro: kada ki daka ƙwaya ki zuba masa a abinci. Ba ki san yadda za ta haɗu da abin kwalbar ba, kuma ranar da ya gane, ya daina yarda da ke da tukunyarki.

A asibiti ku nemi a duba ƙodarsa, da fotasiyam, da suga, da fitsari, tunda ya yi wata biyu yana shan abin da ba a tantance ba. Ya gaya wa likita gaskiyar cewa yana zuwa allura kuma yana so ya ci gaba. Shi kuma mai allurar nan na gari, ki sa Alhaji ya lura da abu biyu. Kowace allura a ɓare ta daga ledarta a gabansa, a jefar bayan an gama, don ciwon hanta nau'in B ta allurar da aka maimaita yake bi. Sannan ya tambaye shi kai tsaye ko ya koma kan maganin asibiti. Wanda ya san aikinsa zai ce ya koma. Wanda ya ce kada ya koma, ko ya fara tallata masa wasu kwalabe, to a sauya wuri.

Akwai wani magani daga Sin da ke hannunki ke kaɗai, kuma shi ya ci jarrabawa. A 2021 aka wallafa wani gwaji da aka yi a ƙauyuka 600 na ƙasar, a kan mutum kusan 21,000, inda aka sauya wa rabinsu gishirin girki da wanda aka rage wa sodiyam aka ƙara fotasiyam. Shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100 a wajensu. Irin wannan gishiri ba a ba mai ciwon ƙoda, don haka sai bayan gwaji da izinin likita. Amma rage gishiri kam yau za ki fara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke ɓoye a dunƙule da kanwa da yajin tsire da kilishi da taliyar leda. Ki riƙa janyewa kaɗan-kaɗan, ki cike gurbin da daddawa da citta da tafarnuwa da albasa, cikin makonni harshen gidan zai saba. In ciwon jiki ya kama shi, a guji diclofenac da ibuprofen sai da shawarar likita, suna tayar da jini.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ki zaunar da manyan yaranki da direba in akwai, ki koya musu alamomin nan: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta yi nauyi, magana ta harɗe, gani ya dushe farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani irin wanda bai taɓa yi ba, ciwon ƙirji ko numfashi ya yi wuya. In ɗaya ta bayyana, ko da ta wuce bayan minti kaɗan, babu jiran gari ya waye, babu ɗura ruwa ko magani a baki, babu kiran mai allura. Babban asibiti mai sashen gaggawa za a nufa kai tsaye, a kuma riƙe lokacin da abin ya fara, don likitoci za su tambaya. Ki san asibitin tun yanzu, ki san wanda zai tuƙa.

Ke ma, ƙanwata, ranar da na'urar ta shigo gida ki fara miƙa naki hannun. Wata biyu ba barci ba ƙaramin abu ba ne, kuma zai fi masa sauƙi ya zauna a kujerar in ya ga shafin farko na littafin sunanki ne a kai. Ki rubuto mini lambobin mako na farko, naki da nasa.